Shin Ko Kun San? Doki Ma Sai Da Fasfo Yake Fita Tsere Ƙasar Waje

Shin ko kun san akwai tseren dawaki da ba a hawan dokin? Babu sirdi, babu likkafa. Wani ɗan keke mai ƙafa biyu ake ɗaura masa a baya, mutum ya zauna, ya miƙe ƙafafu, ya riƙe dogon linzami. Mu a Zariya mahayi muka sani a gadon bayan doki, ko a filin sukuwa, ko a filin ƙwallon dawaki, ko ranar Hawan Bariki da Hawan Daushe. Amma a Amurka, Kanada, Faransa, Suwidin, Italiya, Ostareliya da Niyu Zilan, tseren keken doki babbar sana'a ce da ke ciyar da dubban gidaje. Keken kansa bai wuce kilo 30 ba. Mutum ɗaya na iya ɗaga shi!

Ga abin mamaki na farko: a wannan tsere, sukuwa laifi ce. Ƙwarai kuwa! Sassarfa kawai aka yarda doki ya yi. A Faransa, idan doki ya ɓalle da sukuwa, alƙalai na iya fitar da shi nan take, ko da shi ne a gaba. A Amurka kuwa dole direba ya ja shi, ya bar sauran su wuce, har ya dawo kan takunsa.

Kada ku raina sassarfar nan. A watan Yuli na 2022, a filin Meadowlands na jihar Niyu Jesi, wani doki ɗan Kanada mai suna Bulldog Hanover ya cinye mil ɗaya, wato mita 1,609, cikin minti 1 da daƙiƙa 45.8. Ku lissafa. Kusan kilomita 55 ke nan a sa'a guda, yana jan keke da ƙaton mutum. Ba tare da ya yi sukuwa ko sau ɗaya ba!

Kun san taku iri biyu ne? Akwai dokin da ke ɗaga ƙafar gaba ta dama tare da ta baya ta hagu. Akwai kuma mai ɗaga ƙafafun gefe ɗaya a tare, dama da dama, hagu da hagu, yana rangaji. Na biyun ya fi sauri, kuma shi ya fi yawa a Amurka da Ostareliya. To ku ji: a Faransa da Suwidin ba a tserensa sam. Saboda haka zakaran da ya gagari kowa a Amurka na iya zama ba shi da gurbi a Faris. Tun kafin a yanki tikitin jirgi, takun ƙafa ya yanke hukunci!

A 1879 Amurkawa suka kafa ƙa'ida: kafin a rubuta doki a littafin jinsin dawakin keke, sai ya yi mil ɗaya cikin minti 2 da daƙiƙa 30. Yau dokin da ya yi haka, ƙura kawai zai sha. Kuma kusan duk dawakin jinsin jikokin ingarma ɗaya ne, Hambletonian, wanda aka haifa a 1849. 'Ya'yansa sun haura 1,300. Ingarma ɗaya tak!

To ina ake zuwa tseren a ƙasar waje?

Kowace Lahadin ƙarshe ta Janairu, idon masu wannan sana'a na kan filin Vincennes a birnin Faris. Nan ake gasar Prix d'Amérique, tun 1920. Nisa mita 2,700. Kuɗin da ake rabawa yuro miliyan 1. Filin baƙi ne, don tokar gawayi aka shimfiɗa, kuma yana da hawa da gangara. Dokin da ya girma a shimfiɗaɗɗen filin mil ɗaya na Amurka, sai an sake gina masa numfashi kafin ya tunkari wannan tudu.

Kowace Lahadin ƙarshe ta Mayu kuma sai Elitloppet, a filin Solvalla na birnin Istokhom, tun 1952. Wannan ba a neman shiga. Gayyata ake yi, da kati mai launin ruwan hoda. Kuma doki zai yi gudu sau biyu a yini ɗaya: zagayen tankaɗe, sannan na ƙarshe. Kun ji aiki!

Wai kun san 'yan'uwanmu na Maraɗi da Yamai sun fi mu sanin waɗannan dawaki? Hukumar cacar ƙasar Nijar, LONANI, na karɓar caca a kan tseren da ake yi a Faransa, har da na keken doki. Caca dai kowa ya san hukuncinta a wurin malamai. Amma abin lura shi ne, akwai mutumin da bai taɓa taka Faris ba, ya haddace sunayen dawakin Vincennes.

Ga wata dabarar Faransawa: harafin farko na sunan doki shi ke faɗin shekarar haihuwarsa. Duk na 2011 da harafin B suke farawa, shi ya sa aka sami Bold Eagle. Na 2015 da F, ga Face Time Bourbon. Na 2018 da I, ga Idao de Tillard. Ka ji suna, ka san shekaru. Dillali ba shi da inda zai ɓoye tsufa, ba sai an buɗe baki an duba haƙora ba!

Yanzu ku zo mu shirya doki tafiya.

Na farko, fasfo. Ba wasa ba ne, littafi ne sosai. A ciki akwai zanen doki ta dama da ta hagu, likita ya zana duk wani fari da ke goshi ko ƙafa, da duk inda gashi ya murɗe ya yi cibiya. Da wuya a sami dawaki biyu da cibiyoyin gashinsu suka zo daidai. Mu nan da launi muke kira: akawal, kili, hurde, ɗanda, gunya. Ma'aikacin kan iyaka launi bai ishe shi ba.

Na biyu, ana cusa masa wata 'yar na'ura a gefen hagu na wuya, girmanta kamar ƙwayar shinkafa. A ɗora na'urar karantawa, lamba 15 ta fito. Idan lambar ta saɓa da ta fasfo, tafiya ta fasa.

Na uku, jini. Ana ɗiba a gwada cututtuka da dama, ciki har da wata mai ƙarar da jini, wadda gwajinta ke ɗauke da sunan likitan Amurka Leroy Coggins tun 1970. Ana kuma duba cutar da kaska ke sawa. Doki na iya zama garau, yana haniniya yana harbin iska, amma ƙwayar cutar na kwance a jininsa shekara da shekaru. Gwaji ɗaya ya nuna ta, ƙasa kamar Amurka ta rufe ƙofa.

Na huɗu, magani. Abin da aka halatta a wata ƙasa haramun ne a wata. Akwai maganin sa fitsari da aka daɗe ana ba dawaki ranar tsere a Amurka don rage zubar jini a huhu. A Turai ba a yarda da shi ranar tsere ba. Dole mai horarwa ya yaye dokinsa tun a gida. Bulala ma haka: Norwe ta hana ta a tsere tun 1982. Direban da ya saba tsula wa doki, sai ya koyi lallashi!

Na biyar, kofato. Kun san a Faransa ana cire wa doki takalmin ƙarfe kafin babban tsere don ya ƙara sauri? Kuma sai an sanar tun kafin ranar: ƙafafun gaba aka cire, ko na baya, ko duka huɗu. Dawakinmu da yawa haka suke yawo ba takalmi tun haihuwa. Abin da muke gani ba komai ba, can sirrin cin gasa ne!

Sai abinci. Nan ake yin ta.

Cikin doki ɗan gata ne. Tumbinsa ƙarami, lita 8 zuwa 15 kawai, amma hanjinsa ya doshi mita 30. Kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga! Shi ya sa sauya abinci farat ɗaya ke jawo ƙullewar ciki, ciwon da ke kashe dawaki da yawa. Duk ɗan bargan da ke Zazzau ya san ba a ɗauke doki daga harawa da dusa a jibga masa hatsi rana ɗaya. Masu fita waje ma haka: makonni kafin tafiya suke fara gauraya abincin can da na gida, kaɗan-kaɗan.

Ruwa fa? Doki na shan lita 25 zuwa 50 a yini. Amma yana da tsirfa: idan ya sansana ruwan baƙon gari ya ji wani wari, sai ya kau da kai. Dabarar? Tun a gida ake ɗiga masa ruwan tuffa a bokiti har ya saba. Idan an isa can, a ɗiga irinsa. Ya sha, bai san an yi masa wayo ba!

Ku ji labarin Jamin, zakaran Faransa. A 1959 aka kai shi Niyu Yok don gasar ƙasa da ƙasa ta farko a filin Roosevelt. Shi kuwa ya saba cin wani kayan lambu na Turawa mai suna atishok. Ma'aikatan filin jirgi suka riƙe guzurin. Jaridu suka ɗauka, aka shiga cigiya, har sai da aka ɗauko wani a jirgi daga Kaliforniya. Jamin ya ci ya ƙoshi, ya fito ya lashe gasar. Doki da kwaɗayi har a jarida!

To a jirgi yaya ake yi?

A tsaye! Ana shigar da doki cikin wani akwatin ƙarfe mai ɗaukar uku, a ɗaga akwatin a tura cikin jirgin kaya. Mai kuɗi kan biya a sa biyu kawai, ko ma ɗaya ya wala. Ingarmu a gaba, goɗiyoyi a baya, don kada ƙamshi ya tayar da fitina a sararin samaniya. Yawanci ba a yi musu allurar barci, don suna buƙatar hankalinsu su daidaita tsayuwa. Barci kuwa ba damuwa: doki na da wasu jijiyoyi da ke kulle masa gwiwa, ya yi gyangyaɗinsa a tsaye.

Lokacin wasannin Olamfik na Tokiyo a 2021, jirgin farko da ya tashi daga Liyej ta Beljiyam dawaki 36 ya kwasa, da likita da masu kula da su da harawarsu. Sanyin cikin jirgi an tsayar da shi tsakanin digiri 14 da 17. Matuƙi ma sai ya tausasa tashi da sauka, don fasinjojinsa ba su da bel!

Babban abin tsoro shi ne zazzaɓin tafiya. Doki ta hanci kawai yake numfashi, kuma sai ya sunkuyar da kai majina ke fita daga huhu. A ɗaure masa kai sama na sa'o'i, datti ya taru, huhu ya kamu. Shi ya sa gwanaye ke kwance ragama lokaci-lokaci, su ba shi abinci a ƙasa. Wannan darasi ya shafi mai loda doki a babbar mota daga Zariya zuwa Bida ko Sakkwato, ba sai mai jirgi ba. Ku faɗa wa na kusa da ku!

Doguwar tafiya, irin ta Ingila zuwa Ostareliya, na iya zubar wa doki kilo 20. Da an sauka sai a soma auna zafin jiki safe da yamma. Lafiyayye na tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Ya haura haka, a kira likita.

Duk da wannan wahala, akwai gwarzaye. Cardigan Bay ya baro Niyu Zilan ya koma Amurka a 1964, kuma a 1968 ya zama dokin keke na farko da ya tara dala miliyan 1. Goɗiyar Amurka Moni Maker ta ci Elitloppet a 1998, ta ci Prix d'Amérique a 1999. Varenne na Italiya kuwa a 2001 kaɗai ya ci a Faris, ya ci a Istokhom, ya tsallaka teku ya ci Breeders Crown a Meadowlands. Tirƙashi!

Yanzu ga tambayar da ke bakinku: dokin Zazzau zai iya zuwa?

A nan ne labari ya juya. Ba gudu ne matsala ba. Ba kuɗi ba ne. Wani ƙwaro ne da tsawonsa bai wuce milimita 3 ba! Yana cizo daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari, ya fi yawa a ƙarshen damina, kuma shi ke yaɗa annobar da duniya ke kira ciwon dawakin Afirka. A cikin dawakin da ba su taɓa gamuwa da ita ba, tana iya kashe 9 cikin 10. Huhu ya cika da ruwa, kumfa ta fito ta hanci, wani lokaci cikin yini ɗaya an gama.

Ƙwayar cutar iri 9 ce. Jakin dawa na ɗauke da ita yana kiwonsa lafiya lau. Jaki ma ya fi doki juriya. Dawakin gida irin na Arewa sun fi baƙi tsira, don kakanninsu sun daɗe suna fama da ita.

Ku ji ɓarnar da ta yi. A 1854 zuwa 1855 ta kashe dawaki kusan 70,000 a Afirka ta Kudu. Daga 1959 zuwa 1961 ta ratsa Gabas ta Tsakiya har Indiya, ta hallaka dabbobi sama da 300,000. A 1987 aka kai wasu jakunan dawa daga Namibiya gidan namun daji kusa da Madrid, cutar ta ɓalle a Sifen, ta shiga Fotugal da Maroko, har aka shiga fargaba kan wasannin dawaki na Olamfik ɗin Basalona na 1992. A 2020 kuma ta ɓulla a Tailan. Kun ga dalilin da ya sa duniya ke firgita?

Sakamakon haka, dokin da ya fito daga ƙasar da ke da cutar sai ya yi kwana 60 a killace a Niyu Yok, cikin ɗakin da ƙwaro ba ya shiga. Ɗan'uwansa daga Faransa kwana 3 kawai. Kwana 60 a ɗaki! Dokin tsere ya fito daga nan, duk ƙarfin da aka gina ya zube. Tarayyar Turai kuwa na da jerin ƙasashen da take karɓar dawakinsu kai tsaye, kuma Najeriya ba ta ciki.

Ko Afirka ta Kudu mai arzikin dawaki ta ɗanɗana. A baya, shekaru da dama, dokinta da ke son zuwa Turai sai ya yi mako 3 a killace a Kef Tawun, sannan ya yi kwana 90 a tsibirin Morishiyos. Zagaye ke nan na wata huɗu, don tseren minti biyu!

Ga wani abin da ba kowa ya lura ba. Kun ga dawakin Ajantina da ake sauke wa 'yan ƙwallon dawaki a Legas, Kaduna da Kano, waɗanda ke taka leda a Fifth Chukker ta Kangimi da filin ƙwallon dawaki na Zariya? Tikitinsu kusan na zuwa ne kawai. Shigowa da sauƙi, komawa sai an sha killacewa mai tsawo da tsada. Shi ya sa idan 'yan wasanmu za su buga a Ingila, yawanci su ke hawa jirgi, dawakin su zauna a barga, a nemi na haya a can.

Amma kada ku ce dawakinmu ba sa ƙetare iyaka. Suna yi! Ana kawo na Nijar, Chadi, Kamaru da Burkina Faso sukuwa a Arewa, namu ma su je can. A fili kuma ana raba su aji-aji: na Arewa, Talon, na Sudan. Tafiyar ta mota ce, ba ta jirgi ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: takardar likita, hutu a hanya, ruwa, harawar gida. A ƙarshen 2018 zuwa 2019 murar dawaki ta bi wannan yanki, ta kashe jakuna masu ɗimbin yawa a Nijar da arewacin Najeriya. Cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Shin kun san ƙaramar hukumar Sabon Gari ta haɗa abubuwa biyun da dokin tafiya ke buƙata? Likita da jirgi! A Samaru akwai Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na koyarwa, wadda aka gina a shekarun 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. A Palladan kuma, kan hanya ɗaya, ga Kwalejin Horar da Matuƙa Jirgin Sama, tun 1964. Mai ɗibar jinin doki da mai tuƙa shi zuwa Faris na iya haɗuwa a motar haya ɗaya daga Kwangila!

Ƙari a kan haka, a Zariya Turawan mulki suka fara ajiye sashen kula da lafiyar dabbobi, kafin aikin bincike ya koma Vom a 1924. A wannan shekarar dai, 1924, aka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a Faris, wadda yau ita ke tantance ƙasar da ta tsarkaka daga ciwon dawakin Afirka. Duk ranar da ƙofa za ta buɗe wa dokin Najeriya, daga ɗakin gwaji mabuɗin zai fito: rigakafi, barga mai raga, ƙidayar dawaki, da takardun da duniya ta yarda da su.

Kuna ganin dokar ta yi tsauri? To ku riƙe wannan ku kai majalisa. A 1956 birnin Melbon na Ostareliya ya karɓi baƙuncin Olamfik. Gwamnati ta ce dokin baƙi ba zai shigo ba sai ya yi wata 6 a killace. Aka roƙa, ta ƙi. Sai aka ɗauke wasannin dawaki ɗungurungum aka kai Istokhom a watan Yuni, sauran wasanni kuma aka yi su a Melbon a Nuwamba. Olamfik ɗaya, nahiya biyu, wata biyar a tsakani! A 2008 ma Beijin ce mai masauki, amma a Hon Kon dawaki suka yi wasa, duk saboda tsoron cuta. Idan Olamfik da kanta ta rusuna wa likitan dabbobi, wane mai doki ne zai ja da shi?